Ragon turka ya kasa fitsari: mafitsara ce ko ƙoda?

A Damargu, daga Tanut har Belbeji, mutane da yawa suna turka raguna domin sallar layya. Dussar hatsi tana sa ƙiba. Amma in ta yi yawa, ruwan sha kuma ya yi kaɗan, tsakuwa takan toshe hanyar fitsarin rago.

Sai rago ya yi ta yunƙuri, yana shurin cikinsa, fitsari ba ya fita. Bayan kwana 1 ko 2 sai ya yi shiru. Mai shi ya ce sauƙi ya samu. Ba sauƙi ba ne, mafitsara ce ta fashe. Fitsari ya zuba cikin ciki, ciki ya kumbura dama da hagu.

Ciwon ƙoda daban yake. Dabba tana ƙin ci, tana ramewa, amma ba ta yunƙuri, don hanyar fitsari a buɗe take.

Likitan dabbobi yakan soka allura a ciki, ya jawo ruwa. In ruwan yana warin fitsari, mafitsara ce.

Saboda haka, ranar da yunƙuri ya fara, ranar za a nemi likita. A rage dussa, a ƙara harawa, gishiri kaɗan da ruwa isasshe.