Yadda ake neman takardar raba aure a kotu, da abin da ya kamata a duba a cikinta

Akwai wata tambaya da takan taso a gaban dattawan ikkilisiya lokacin shirin aure, kuma sau da yawa takan taso a makare, bayan an riga an raba katin gayyata. Ango ko amarya, ɗayansu ya taɓa yin aure, ya ce auren ya mutu, kotu ta raba su. Fasto ya ce a kawo takarda. Sai a ji ta ɓata lokacin ƙaura, ko tana hannun lauyan da ya bar garin, ko kuwa a kawo wata takarda mai hatimi wadda ba ita ake nema ba. Ana kuma bukatar wannan takarda wajen rabon gado, wajen karɓar haƙƙin ma'aikacin da ya rasu, wajen neman biza, da kuma lokacin gardama a kan riƙon 'ya'ya.

Abin da ikkilisiya take koyarwa game da kisan aure da sake yin aure darasi ne dabam, kuma takardar kotu ba ta tilasta wa wani fasto ya ɗaura aure. A nan muna magana ne a kan takardar kanta: ina take, wa zai iya nemanta, da yadda za a gane ta gaskiya.

Kafin a nufi kowace kotu, sai a fara sanin irin auren da aka yi, domin shi ne yake nuna kotun da take da ikon raba shi. Dokar Najeriya ta san aure iri uku: auren rajista a ƙarƙashin Dokar Aure, auren gargajiya, da auren Musulunci. Auren rajista shi ne wanda aka ba da sanarwarsa a ofishin rajistaran aure, aka jira kwana 21, sannan aka ɗaura shi a ofishin ko a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, aka kuma ba ma'aurata satifiket. Irin wannan aure Babbar Kotun Jiha ce kaɗai, ko Babbar Kotun Birnin Tarayya, take iya raba shi, bisa Dokar Shari'o'in Aure ta 1970. Auren gargajiya kuwa ana kai ƙararsa Kotun Yanki ko Kotun Gargajiya, gwargwadon tsarin jihar. Wanda ya yi aure bisa Musulunci kafin ya zama mai bi, abin da zai nema yana Kotun Shari'a ko Kotun Yanki, ko kuma takardar saki ce da miji ya rubuta.

A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Mun saba yin aure hawa biyu: a biya sadaki a gidan iyaye, daga baya a shiga majami'a a sa hannu a rajista. Idan zama ya ƙi, sai a tafi Kotun Yanki domin ta fi kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi, a mayar da sadaki, a karɓi takarda, kowa ya kama gabansa. Amma Kotun Yanki ba ta da hurumi a kan auren rajista. Takardar da ta bayar, ko da hatimi goma ne a kanta, ba ta taɓa wannan aure ba, kuma a idon doka mutanen nan biyu miji da mata ne har yanzu. Wanda ya sake aure a wannan hali, sabon auren bai tsaya ba. Dokar Aure ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi auren gargajiya alhali yana da auren rajista da wani, haka kuma ga wanda ya yi auren rajista alhali yana da auren gargajiya da wani. Ba mu cika jin an ɗaure mutum a kan wannan ba, shi ya sa ake raina shi. Ranar da abin yake fitowa fili ita ce ranar mutuwa, lokacin da mata biyu suka je neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kowace tana riƙe da satifiket, kotu kuma ta ce na farkon ne yake da rai.

Ko a Babbar Kotu ma hukuncin hawa biyu ne. Ranar da alƙali ya yanke shari'a yakan ba da hukuncin wucin gadi, wanda za a ga an rubuta masa decree nisi a kan takarda. Wannan bai kashe aure ba. A ƙa'ida sai bayan wata uku ne yake zama hukuncin ƙarshe, wato decree absolute, kuma sai a lokacin ne doka ta yarda mutum ya sake aure. Akwai abubuwan da suke tsayar da shi a tsakani. Idan akwai 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 16, kotu takan fara bayyana cewa ta gamsu da tanadin da aka yi musu. Idan ɗaya ya ɗaukaka ƙara, sai an jira. Idan ma'auratan sun shirya, za su iya roƙon kotu ta soke hukuncin wucin gadin. Idan kuma ɗayansu ya rasu kafin wa'adin ya cika, hukuncin ba ya zama na ƙarshe, wadda aka bari gwauruwa ce, tana da haƙƙin matar mamaci. Saboda haka idan aka miƙo wa dattawa takarda, kalmar da za su fara nema ita ce absolute, tare da ranar da hukuncin ya zama hakan.

To, ina za a je? Kotun da ta ji ƙarar, domin a can fayil yake zama. Kada mu ɗauka cewa lallai garin da aka ɗaura auren ne. Dokar 1970 ta ba kowace Babbar Kotun Jiha ikon jin ƙarar wanda Najeriya ce mazauninsa, don haka auren da aka ɗaura a Jos ana iya raba shi a Legas ko Abuja. A cikin jiha ɗaya ma Babbar Kotu tana zama a wurare dabam dabam. Wanda aka yi shari'arsa a Kafanchan ko Zariya ya fara daga can kafin ya nufi Kaduna.

Abin da ya fi komai sauƙaƙa nema shi ne lambar ƙara. Tana saman kowace takarda da ta fito daga shari'ar: sammaci, takardar ƙorafi, rasit, har da wasiƙar lauya. A duba tsohuwar jaka da kyau kafin a fita. Idan babu lambar, sai a tafi da cikakkun sunayen mutanen biyu yadda aka rubuta su a satifiket ɗin aure, da shekarar da aka shigar da ƙara, da sunan alƙali ko lambar ɗakin kotu in an tuna. Mace ta tuna cewa fayil yana iya kasancewa da sunan tsohon mijinta ko da ta koma sunan mahaifinta. Lauyan da ya yi shari'ar ma yakan ajiye nasa fayil, kuma kiran waya ɗaya zuwa ofishinsa yakan ba da lambar.

Daga nan sai a rubuta wasiƙa zuwa ga rajistaran kotu. Gajeriya ta isa: sunan mai nema, sunayen masu shari'a, lambar ƙara, da takardar da ake so. A faɗi sunanta sarai, ko satifiket ɗin hukuncin ƙarshe ne, ko kwafin hukuncin alƙali, ko umarnin da aka bayar a kan 'ya'ya da kuɗin ciyarwa. A tafi da katin shaida. A yi kwafi biyu na wasiƙar, a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a riƙe. Ofishin zai ƙayyade kuɗin, a biya inda aka ce, a karɓi rasit na gwamnati. Kuɗin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kwafin hukunci kuma yakan danganta da yawan shafuka. Ba dole ba ne sai da lauya, ko da yake lauya yakan sa abin ya yi sauri. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ta Najeriya a jiharsa, mata kuma suna iya zuwa wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Akwai wani tanadi da fastoci da yawa ba su sani ba. Sashe na 59 na Dokar 1970 ya ce idan hukunci ya zama na ƙarshe, kowane mutum yana da ikon neman satifiket ɗin shaidar hakan daga rajistaran kotun da ta yanke shi, in ya biya kuɗin da aka tsara. Ke nan sakataren ikkilisiya, ko iyayen yarinyar da za a aura, za su iya zuwa da kansu su tabbatar. A ganinmu wannan ba cin fuska ba ne ga ango, muddin an gaya masa za a yi. Dokar Aure ma ta hana fasto ɗaura aure in ya san akwai abin da ya hana shi bisa doka.

Kwafin da ake so shi ne wanda kotu ta tabbatar, wanda ma'aikata suke kira CTC. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta bayyana siffarsa: a rubuta a ƙasan takardar cewa kwafi ne na gaskiya, a sa kwanan wata, jami'in ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi, a kuma biya kuɗin doka. Hoton takarda da aka ɗauka a shagon kwamfuta bai cika wannan ba. A guji mutanen da suke yawo a harabar kotu suna cewa za su fito da takarda yau yau ba tare da an shiga ofis ba. Takardar da babu fayil a bayanta jabu ce, kuma ofishin jakadanci in ya yi shakka yakan aika a tambayi kotun. Wanda zai yi amfani da ita a ƙasar waje, sau da yawa akan bukaci ya kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tantance tukuna.

Tsofaffin shari'o'i suna bukatar haƙuri, domin kotuna da jihohi sun sauya. An raba Gongola a 1991 ta zama Adamawa da Taraba. A 1996 Nasarawa ta fita daga Filato, Gombe ta fita daga Bauchi. Daga shekarar 2000 jihohi da dama sun mai da Kotunan Yanki zuwa Kotunan Shari'a, Kaduna kuma ta kafa Kotunan Shari'a da na Gargajiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a je garin da kotun ta zauna a tambayi wadda ta gaje ta. In ba a dace ba, sai a rubuta wa babban rajistara a hedikwatar shari'a ta jiha. Ƙananan kotuna sukan rubuta shari'a da hannu a babban littafi, shi ya sa shekara da wata suke da amfani sosai ga wanda zai buɗe shafukan.

Idan aka ce fayil ya ɓata, ko gobara ko ruwa ya ci shi, a roƙi ofishin ya duba rajistar ƙararraki da littafin alƙali, ya kuma ba da amsa a rubuce. Takardar rantsuwa tana iya shaida cewa takarda ta ɓata, amma mutum ba ya rantsewa ya kashe aurensa da kansa. Haka kuma auren gargajiya da aka raba a gida, iyaye suka zauna aka mayar da sadaki: al'adu da yawa sun yarda da shi, sai dai babu abin da za a samu a kotu. Mai irin wannan ya nemi shawarar lauya kafin ya rantse a gaban rajistaran aure cewa ba shi da wani aure.

Wani lokaci mace takan ji a bakin mutane cewa mijinta ya sake ta a kotu, ita kuwa ba ta taɓa ganin sammaci ba. Ta je ta nemi kwafin fayil ɗin, musamman shaidar da mai kai sammaci ya rubuta, ko umarnin da kotu ta bayar na a sanar da ita ta wata hanya. Idan ba a sanar da ita yadda doka ta ce ba, lauya yana da abin riƙewa, amma kada ta yi jinkiri, domin wata ukun nan suna tafiya.

Ga dattawa kuma, satifiket ɗin hukuncin ƙarshe ya isa ga abin da doka take bukata. Cikakken fayil yana ɗauke da zarge-zarge, da sunayen yara, wani lokaci da sunan mutum na uku, kuma bai kamata ya zama abin karantawa a taron kwamiti ba. A ga na asali, a ajiye kwafi ɗaya a fayil ɗin aure a ofishin fasto, a mayar wa mai shi da takardarsa a hannu.