Yawon Shaƙatawa A Gaɓar Badagiri: Riba Tana Ga Ƙaramin Ayari

IKKO — Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, tun daga Seme a kan iyakarta da Jamhuriyar Benin har zuwa iyakar Kamaru, amma kaɗan ne daga cikin 'yan kasuwar ƙasar nan suka taɓa ɗaukar wannan gaɓa a matsayin hajar da za a iya ci da ita. In an ambaci teku, abin da ke zuwa a zukatan jama'a shi ne tashar jiragen ruwa ta Apapa da rijiyoyin mai na yankin Neja-Delta. Alhali kuwa akwai wata sana'a da ba ta bukatar jari mai yawa, wato shirya wa ƙaramin ayari na mutum 10 zuwa 15 yawon shaƙatawa na kwana biyu ko uku a bakin teku.

Masu sayen wannan haja suna nan. Ma'aikacin banki ko mai shago a Ikko ba shi da hutun wata guda, amma yana da Asabar da Lahadi, yana da hutun Salla da na Kirsimeti. Bugu da ƙari, tun daga watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar Naira, fita waje domin hutu ta fi ƙarfin da yawa daga cikin waɗanda suka saba yi. Kuɗin da dā ake kai wa Dubai ko Landan yana neman inda zai sauka a cikin gida.

Garin Badagiri, wanda ke kimanin kilomita 60 yamma da Ikko, misali ne mai kyau na yadda ya kamata a tsara irin wannan tafiya, domin abubuwan kallonsa suna kusa da juna. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake yi wa kirari da bene na farko a Nijeriya, ko da yake Kanawa da Katsinawa masu tsofaffin soraye suna da ta cewa a kan wannan kirari. Akwai gidan tarihi da ke cikin tsohon ofishin Di'o, ginin 1863. Akwai kuma gidan ajiye kayan tarihi na zuriyar Mobee, inda ake nuna sarƙoƙi da marin da aka ɗaure bayi da su, da gidan Seriki Abass mai ɗakunan tsare bayi 40. Shi wannan Seriki Abass, wanda ya rasu a 1919, bisa tarihin gidan, an kama shi bawa tun yana yaro, ya zauna a Burazil, ya dawo ya zama babban dillalin bayi, daga baya kuma shugaban Musulmin garin. Daga nan sai a ƙetare mashigin ruwa a kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, a bi tafarkin rairayi da ƙafa har bakin teku, wurin da aka riƙa loda bayi a jiragen Turawa.

Ga mutanen Arewa akwai ƙarin abin sha'awa. Daga Badagiri ne Baturen nan Hugh Clapperton ya tashi a watan Disambar 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa da Kano har ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma mutu kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827. Ita ma kasuwar Alaba Rago, wadda ta tara Hausawa masu sayar da dabbobi da kayan abinci, a kan hanyar Badagiri ɗin aka kafa ta. Da yawa daga cikinsu sun shekara goma ko fiye a Ikko ba su taɓa taka rairayin Gberefu ba. Wanda ya tsara tafiyar da ta kula da lokutan salla, da abincin da Musulmi zai ci hankalinsa kwance, da gefen gaɓa da magidanci zai kai iyalinsa ba tare da jin nauyi ba, ya sami kasuwar da ba a cika ba.

Dalilin taƙaita ayarin kuwa na lissafi ne. Ƙaramar bas mai kujeru 14 zuwa 18 ita ce ma'auni na farko, kwale-kwale na biyu, ƙofar ɗakin bayi na uku. Waɗannan ɗakuna ƙanana ne ƙwarai, kuma mutum 50 ba za su ji bayanin ɗan jagora a cikinsu ba. Rabinsu za su tsaya a rana suna jira, su koma gida suna cewa an cuce su. Babban ayari yana jawo jinkiri a kowace tasha, a wurin cin abinci da wurin hawa jirgi, kuma a tafiyar kwana biyu, awa uku da ta salwanta ba ta dawowa. Ƙaramin ayari kuwa ana iya sa masa farashi mai tsoka ga kowane mutum, saboda abin da ake sayarwa shi ne natsuwa da kulawa.

Sai dai ƙanƙanta tana da nata haɗarin. Hayar mota, da mai, da ladan direba da na ɗan jagora, da shatar kwale-kwale, duk ba sa raguwa ko da mutum biyar ne suka zo, kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara wa wannan ɓangare nauyi. Saboda haka tilas mai shiryawa ya san kujera ta nawa ce ke maido masa da uwar kuɗi. Alal misali, in kujeru 9 cikin 14 ne ke biyan ɗawainiya, to ribarsa duka tana cikin biyar ɗin ƙarshe, kuma mutum biyu da suka fasa a daren tafiya sun tafi da kusan rabinta. Maganin wannan shi ne karɓar kafin alƙalami da ba a maidowa, da sanar da ranar da za a soke tafiyar in adadin bai cika ba, a maida wa kowa kuɗinsa. Wanda ya yi kunyar faɗin waɗannan sharuɗɗa tun farko, zai yi kunyar da ta fi ta daga baya.

Hanya ma sai an yi mata tanadi. Aikin faɗaɗa titin Ikko zuwa Badagiri da aka fara a 2009 ya ɗauki shekaru masu yawa, kuma gosulo da shingayen jami'an tsaro na hanyar Seme sanannu ne ga duk mai bin ta. Tashi bayan sallar asuba ya fi komai. Wannan kuma shi ne hujjar kwana a garin maimakon zuwa da dawowa a yini ɗaya: baƙon da ya iso da azahar ya juya da la'asar, bai bar wa Badagiri komai ba sai kuɗin shiga ƙofa da ledar ruwan da ya yar.

A nan ne batun ɗorewar sana'ar ya shigo, kuma batu ne na ciniki tsantsa. Wasu daga cikin gidajen tarihin nan a hannun zuriyar masu su suke, kwale-kwalen na Egunawa ne mutanen garin, kwakwar da ta lulluɓe gaɓar ta manomansu ce. Mai shirya tafiya ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Aronsu yake yi. In ya zo da abincinsa da ɗan jagoransa daga Ikko, ya tsaya yana cinikin sisi da kwabo da mai jirgi a gaban baƙi, to zuwa na uku zai tarar farashi ya tashi, fuskoki sun canja. Wanda kuwa ya daidaita farashi na shekara da masu jirgi biyu ko uku, ya ba wata mai abinci kwangilar kifi da shinkafa, ya sa lokacin sayen man kwakwa da tabarmi a cikin jadawalinsa, ya sami abokan hulɗa da za su tsare masa wuri ranar da kasuwa ta cika.

Ita kanta gaɓar jari ce da ke iya ƙarewa. Mutanen Ikko sun gani da idonsu a gaɓar nan da ake kira Bar Beach. Katangun duwatsu da Turawan mulki suka gina a bakin mashigin tashar Ikko a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma zuwa gabas, teku ta yi ta cin gaɓar shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. A ƙarshe an cike wurin, an gina unguwar Eko Atlantic a kansa, wurin shaƙatawar da ya fi kowanne suna a ƙasar nan ya zama tarihi. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna Tarkwa Bay. A watan Afrilun 2024 kuma an rushe gine-ginen shaƙatawa na gaɓar Landmark domin babbar hanyar Ikko zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700. Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka daga waɗannan shi ne kada ya binne kuɗinsa a siminti a bakin ruwa, balle a filin da takardunsa ba su tabbata ba. Jarin mai shirya ƙaramin ayari shi ne sunansa da jerin abokan cinikinsa, waɗanda zai iya ɗauka ya koma da su Epe, ko gandun kare halittu na Lekki mai hekta 78 da aka kafa a 1990, in wata ƙofa ta rufe.

Shara ita ce abokiyar gaba ta kullum. Gwamnatin Jihar Ikko ta hana amfani da farin mazubin abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024, ta kuma fara tilasta hana wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya daga 1 ga Yuli, 2025. Ayarin mutum 12 yana iya tafiya da jarkar ruwa guda da kofuna da kwanukan da ake wankewa, ya dawo da shararsa a buhu. Ayarin bas uku ba zai iya ba. Haka nan kunkurun teku suna hawa wasu gaɓoɓin Ikko da dare su yi ƙwai a cikin rairayi, don haka tuƙa mota ko babur a kan gaɓa da kunna wuta barkatai ɓarna ce ga abin da wani baƙon zai biya kuɗi ya gani.

Game da lafiyar fasinja babu sassauci. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Ikko, wadda aka kafa a 2008, ta wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, kuma an hana ƙananan jirage tafiyar dare. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfin ja, galibin baƙi kuwa ba su iya iyo ba. Mai shiryawa ya ƙirga rigunan da kansa kafin kowa ya hau, ya tanadi inshora, ya kuma faɗa wa ayarinsa iyakar inda ƙafa za ta tsaya a cikin ruwa. Haɗari ɗaya ya isa ya rufe kamfani.

Kasuwar ta fi ci daga Nuwamba zuwa Maris, musamman a Disamba lokacin da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare ke dawowa gida. Daga ƙarshen damina kuma kainuwar nan da ta fara shigowa ruwan Nijeriya ta mashigin Badagiri a 1984 takan toshe hanyar jirage, don haka a tambayi masu jirgi halin da ruwa ke ciki kafin a sayar da kujera. Watannin Yuni da Yuli na ruwan sama mai ƙarfi ne da teku mai fushi. A lokacin sai a karkata ga gidajen tarihi da ɗaliban makarantu, a rage farashi, a bar ƙetare ruwa sai ranar da gari ya yi kyau.