Haƙurin Damo: Sirrin Ɗaukar Hoton Kada, Guza da Maciji a Gaɓar Kainji

Kusan duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa daga Yelwan Yauri ya gangara wajen Wara yana da irin wannan hoton a wayarsa: ruwa ya cika ko'ina, can nesa ga yashi, a kan yashin ga wani baƙin ɗigo. Mai hoton zai rantse maka kada ne. Ka karɓi wayar, ka buɗe hoton da yatsu biyu, ka kasa rarrabe shi da kututturen itace. Ƙarshenta sai a ɗora wa waya laifi, a ce da babbar kyamara ce da an gani.

Waya tana da nata laifin, amma kaɗan ne. Abin da ya fi ɓata hoton dabbobi masu jan ciki shi ne rashin sanin halinsu: yaushe suke fitowa, ina suke kwanciya, me ke korarsu. Wannan ilimi kuwa yana nan birjik a bakin Sarkawa da Gungawa da sauran masuntan da suka gaji kogin Kwara kaka da kakanni. Da ɗan gari akan ci gari.

Rana ce agogonsu

Kada da guza da damo da ƙadangare da maciji duk abu ɗaya ya haɗa su: jikinsu ba ya haɗa wa kansa ɗumi kamar na mutum ko akuya. Daga rana da ƙasa suke aron zafi. Shi ya sa da hantsi za ka ga guza ya miƙe a kan dutse ko reshen da ya sunkuya kan ruwa, ya yi lamo kamar matacce. Jira yake jikinsa ya ɗumama kafin ya iya farauta. A wannan ɗan lokacin ne ya fi jure a matso kusa da shi, kuma a lokacin ne hasken rana yake zuwa ta gefe, yana fito da zanen fatarsa ƙwaya-ƙwaya. Da rana ta take, abu biyu sun ɓaci lokaci guda: dabbar ta yi zafi ta zama kamar walƙiya, hasken kuma ya faɗo daga sama ya wanke launi, ya bar baƙar inuwa a kan ido. Sai kuma bayan la'asar sakaliya haske ya sake yin laushi.

Hunturu abokin mai hoto ne. Sanyin safiya yana tsawaita shan hantsi, hazo kuma yana tace hasken rana kamar an rataya farin mayafi. Amma kowace dabba da lokacinta. Damo, alal misali, yakan shige rami ya kwashe yawancin rani ba ya neman abinci, sai damina ta faɗi ƙwari sun yawaita ya fito. Mai neman hotonsa a watan Fabrairu zai sha yawo a banza.

Tafkin Kainji ma yana da nasa agogon. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungaye masu yawa, aka sauya wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Duk shekara ruwa iri biyu ke shigowa: farin ruwa na daminar nan kusa, da baƙin ruwa mai tasowa daga tsaunukan Gini, wanda ba ya isowa sai cikin hunturu. Idan tafkin ya janye da bazara, yashi da duwatsu suna bayyana, manoma su bi danshi da shuka, masu jan ciki kuma su sami wurin shan rana a fili. Inda ka ga kada bara a watan Mayu, ƙila a watan Janairu jirgi ne ke bi ta kansa.

Makarantar farko tana jikin katanga

Wanda yake so ya iya, ya fara da ƙadangaren gidansu. Jan gwada ba ya sara, ba ya da wuyar samu, kuma duk darasin yana jikinsa. Da sassafe launinsa a dushe yake. Da ya sha rana sai kan ya yi ja, jikin ya yi shuɗi mai duhu, ya hau kan dutse yana gyaɗa kai don sauran mazan su san wurin da mai shi.

Abu na farko, ka sauka ƙasa. Yawancinmu a tsaye muke ɗaukar hoto, sai a sami bayan dabba da turɓaya kawai. Ka tsuguna, ka sauke wayar daidai da idonsa, nan take za ka ga ya zama wani abu mai kwarjini, abin da ke bayansa kuma ya yi nisa ya dushe. Na biyu, ka taɓa idon dabbar a fuskar waya domin kyamara ta saitu a kansa. In ido ya fito tangararan an yafe wa wutsiya, in ido ya dushe hoton ya mutu. Na uku, ka dubi abin da ke bayanta kafin ka danna. Taku ɗaya zuwa dama yana iya fitar da leda ko tsohon bokiti daga hoton. Kada ka bari inuwarka ta faɗa kanta, domin a wurin ƙadangare inuwa daga sama shaho ce. Ka matsa a hankali, ta gefe, kana tsayawa. Sannan ka goge gilashin kyamara da gefen riga, ƙurar hunturu da maiƙon yatsa sun ɓata hotuna da yawa.

Jawo hoto da yatsu biyu yaudara ce a yawancin wayoyi, domin yanka hoton kawai wayar take yi ta hura shi. In wayarka tana da gilashi na musamman mai hango nesa, yi amfani da shi. In babu, ka bar dabbar ƙarama a cikin muhallinta: guza a gindin gawo, ga ragar masunci a shanye, ga ruwa a baya. Irin wannan yana ba da labarin gaɓar Kainji fiye da kan guza shi kaɗai.

Hawainiya ita ce mai sauƙin kai. Idanunta kowanne da inda yake kallo, sai ka jira wanda ke ɓangarenka ya juyo. Kada ka ɗauke ta a hannu, domin in ta tsorata launinta yakan yi duhu. Da dare takan yi fari-fari tana barci a ƙarshen reshe, tocila kaɗai ta isa a gano ta.

Daga cikin kwalekwale

A kan ruwa matsalar ita ce motsi da ƙyalli. A kashe inji tun daga nesa, a bar filafili ya ƙarasa, kowa ya zauna. Ka dafe gwiwar hannu a kan cinya, ka ɗauki hotuna da yawa a jere, ɗaya zai fito. Mai babbar kyamara ya sa saurin ɗauka ya kai ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Ƙyallin ruwa yana ruɗa kyamara, don haka rana ta kasance a bayanka ko a gefe, kuma ka daidaita haske da jikin dabbar.

Kada yana jin girgizar ruwa, kuma farautar fata ta koya wa waɗanda suka rage tsoron mutum. Da dare idonsa yana mayar da hasken tocila ja kamar garwashi, saboda wani shimfiɗi mai ƙyalli da ke bayan ƙwayar idon. Da haka masu bincike ke ƙidaya kadoji. Amma macen da ta binne ƙwai a yashi da rani tana gadinsu kusan wata uku, kuma ba ta wasa. Haka dorina, wadda mutanen Yauri sun san ta'adinta. In mai jirgi ya ce a juya, a juya. Rigar kariya kuwa dole ce, hatsarin jirgin da ya ci rayuka masu yawa kusa da Wara a watan Mayun 2021 bai bar wa kowa uzuri ba. Mai sha'awar shiga gandun dajin Kainji, ko ɓangaren Borgu ko na Zugurma, ya nemi izini da rakiyar ma'aikata, ya kuma tambayi halin tsaro kafin ya ɗaura niyya.

Maciji: hoton da ke iya ceton rai

A nan maganar ta wuce sha'awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sarar maciji tana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A arewacin Nijeriya kububuwa ce kan gaba, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa. Gajera ce, launinta na ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. Dafin kumurci da na kasa kowanne da yadda yake aiki a jiki. Saboda haka likita, ko a asibitin Yauri ko a asibitin masu sarar maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, yana amfana da sanin wane iri ne ya yi sarar. A da sai an bi macijin an kashe a kawo gawarsa, wani lokacin a garin haka a sami mutum na biyu da aka sara. Hoto daga nesa ya wadatar, in an same shi cikin sauƙi. In macijin ya shige, a bar shi, a garzaya asibiti.

Hoton da ke taimakawa shi ne wanda ya nuna jikin gaba ɗaya, da zanen baya, da siffar kai. A tsaya nesa da taku biyar ko fiye, domin akwai macijin da ke tsartuwar dafi cikin ido daga nisan mita biyu. Barcin kasa kuma kada ya ruɗi kowa, tana kwance kamar ba ta da rai, amma sararta ta fi ƙiftawar ido sauri. Ko kan macijin da aka kashe yana iya cizo. Ba a zungurar maciji don ya fasa kai a sami hoto mai ban tsoro.

Akwai wani amfanin kuma. Sai a 2011 binciken ƙwayoyin halitta, wanda ya haɗa har da gawarwakin kadojin da mutanen tsohuwar Masar suka adana, ya tabbatar cewa kadan da ya fi yawa a Afirka ta Yamma jinsi ne dabam da kadan kogin Nilu. In har dabba mai girman kada ta daɗe haka ana yi mata kallon wata, ina ga kulɓa da tsaka da ƙififiya? Hoto mai ɗauke da kwanan wata da sunan wuri hujja ce da masana za su yi aiki da ita, ko a kwalejin kula da namun daji da ke Sabuwar Bussa, ko a manhajar iNaturalist inda masu ilimin abin daga ƙasashe dabam-dabam ke tantance hotuna kyauta. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil don kada ya dushe. Wurin da kada ya yi ƙwai kuwa, a gaya wa masu bincike kaɗai, kada a tallata shi.

Hausawa sun naɗa damo sarkin haƙuri, kuma wanda zai ɗauki hotonsa sai ya ari halinsa. Ka je da wuri, ka zauna inda masunci ya nuna maka, ka yi shiru har guza ya manta da kai ya zaro harshensa mai baki biyu. Ran da aka yi haka, ba sai ka rantse wa kowa ba, wayar kawai za ka miƙa masa.