Kiwon Tarwaɗa A Ibadan: Yadda Ake Gane Cuta Kafin A Sayi Magani

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a shekarar 1916, Hausawan da ke zaune a gindin tudun Mokola suka yi suna a fataucin shanu da goro. Gogaggen dillali kan dubi idon sa da tafiyarsa ya san ko yana da lafiya. Yanzu kuwa akwai wata dabbar da ta shiga bayan gidajen birnin a cikin tankunan roba da na tampol, wadda wannan ido bai saba da ita ba: tarwaɗa.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, kuma Ibadan na cikin manyan cibiyoyin sana'ar. Sai dai mai ƙyanƙyasar kifi na iya kwana da dubban 'ya'ya masu rai, ya wayi gari su duka sun kwanta a ƙasan tanki. Abin da mutane da yawa kan fara yi shi ne garzayawa shagon magani, alhali tushen matsalar galibi yana cikin ruwan.

Inda asara ta fi yawa

Tarwaɗa ba ta cika yin ƙwai da kanta a tanki ba. Akan yi wa uwa allurar sinadari irin su Ovaprim, bayan kimanin awa 10 zuwa 12 a matse ƙwan, a haɗa shi da maniyyin namiji. Idan ruwa na da ɗumi daidai, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana guda ko ɗan fiye da haka, kuma 'ya'yan kan rayu da gwaiduwar da ke jikinsu na kusan kwana uku kafin su fara cin abinci.

Waɗannan kwanaki su ne mafi haɗari. Ƙwan da bai ɗauka ba yakan yi fari ya ruɓe, fumfuna mai kama da auduga ta rufe shi, ta kuma bazu zuwa mai kyau. Idan ba a zuƙe shi da wuri ba, shi kaɗai ya isa ya lalata ruwan. A lokacin hunturu kuma sanyin dare kan jinkirta ƙyanƙyasa, ya raunana 'ya'yan.

Ruwa ba ya tsami banza

Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da sinadarin amoniya, wanda ke ƙona gaɓar numfashin kifi. Ruwan famfo na iya ɗaukar kulorin, na rijiyar burtsatse kuma yakan fito da ƙarancin iskar oksijin, shi ya sa ake barinsa ya kwana a tanki kafin a zuba wa kifi. Masana kan ba da shawarar a riƙe ɗumin ruwa tsakanin digiri 26 zuwa 30, a kuma riƙa auna tsaminsa da abin gwajin da ake sayarwa a shagunan kayan kiwo.

Tarwaɗa tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, don haka leƙowarta saman ruwa ba ciwo ba ne. Abin tsoro shi ne a ga ta rataye a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ta ƙi abinci.

Kowace cuta da alamarta

Fararen ɗigo kamar ƙwayar gishiri, tare da goga jiki a bangon tanki, alama ce ta ƙwayar cuta mai maƙalewa a fata. Muddin tana cikin fatar, magani ba ya kai mata. Sai ta fito ruwa domin yaɗuwa ake iya kashe ta. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita magani na kwanaki, ba sau ɗaya ba.

Jan gyambo, kumburin ciki da cinyewar gashin baki kan nuna ƙwayoyin bakteriya, waɗanda kan samu ƙofa idan ruwa ya ƙazantu ko kifi ya yi cunkoso. Tsagewar ƙashin kai kuwa an danganta ta da ƙarancin bitamin C a abinci, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai maye gurbin abin da abincin ya rasa ba.

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun daɗe da wannan darasi. Ɗan kifin tekun nan mai ruwan lemo da fararen zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna, yana da wata cuta mai saurin kisa da ke sa fatarsa zubar da yauƙi. Masu hayayyafa shi kan killace sabon kifi na makonni kafin su haɗa shi da iyaye, kuma kan tsoma marar lafiya a ruwan daɗi na 'yan mintuna domin sauyin ya kakkaɓe ƙwayoyin. Mai tarwaɗa akasin haka yake yi: wankan ruwan gishiri. Hikimar ɗaya ce.

Haɗarin magani barkatai

Da yake tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, sinadarai masu ƙarfi irin su fomalin kan iya kashe ta idan aka zarce ƙima. Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da gwaji ba yana sa ƙwayoyin su daina jin magani, kuma idan aka sayar da kifin kafin maganin ya fita daga jikinsa, sauran yakan ƙare a tukunyar mai saye.

Mazauna Sabo ba su da nisa da taimako. Asibitin dabbobi na gwamnatin Jihar Oyo yana nan Mokola, Jami'ar Ibadan kuma tana da tsangayar likitancin dabbobi da sashen nazarin kiwon kifi. Abin da ya fi amfani a kai wa likita shi ne kifi marar lafiya mai sauran rai, tare da kwalbar ruwan tankin, domin gawar da ta kwana ba ta nuna komai sai ruɓa.

Kafin a kai ga haka, matakan farko ba sa buƙatar ko sisi: a dakatar da abinci, a sauya wani kaso na ruwan, a ware marasa lafiya, kuma kada a yi amfani da koma ɗaya a tankuna biyu.