Ko ka san ɗan guntun roba ya wanke matuƙan jirgin yaƙi daga laifi?

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani abu ya addabi sojojin saman Amurka. Jirginsu B-17, mai inji huɗu, zai tashi lafiya, ya sauka lafiya, yana cikin gudu a ƙasa sai kawai tayoyinsa su naɗe, ya kife da ciki, farfela ta lanƙwashe. A duba inji, lafiyarsa lau. Sai a rubuta a takarda cewa kuskuren matuƙi ne, a wuce wurin.

A 1943 maganar ta zo hannun wani matashin laftanar mai suna Alphonse Chapanis, masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a sansanin Wright Field a jihar Ohayo. Shi bai tsaya tuhumar matuƙa ba, mazauninsu ya je ya duba. Sai ga maɓallai biyu dab da juna, iri ɗaya sak kamar an tsaga kara. Ɗaya na naɗe tayoyi ne. Ɗayan kuwa na ɗaga ɗan marfin nan ne na bayan fiffike, wanda ake saukewa don jirgi ya sauko a hankali. Mutum ya kwaso gajiya, idonsa na kan hanya, ya miƙa hannu zai ɗaga marfi, sai ya janye tayoyin da jirgin yake tsaye a kansu.

Maganin da ya kawo shi ne abin da ya fi burge ni. Ya manna 'yar ƙaramar taya ta roba a kan maɓallin tayoyi, ya sa wa ɗayan wani abu mai siffar marfin fiffike. Shi ke nan! Hannu na taɓawa ya san abin da ya riƙe, ko da duhu ne, ko da hankali ya rabu biyu. Irin wannan haɗari ya kau. Har yau a manyan jiragen fasinja, kan sandar tayoyi siffar taya gare shi, kuma doka ce ta ce a yi haka.

Kafin nan, inji ake ƙerawa, sannan a nemo mutum a horar da shi ya bi halin injin, in ya kasa a ce sakaci ne. Duk wanda ya taɓa zuba gishiri a shayi saboda gwangwaninsa iri ɗaya ne da na sukari ya san ba kullum ne laifin yake ga hannu ba. Daga kan su Chapanis aka fara tambayar yadda mutum yake gani, yadda yake gajiya, da inda yatsansa zai fara zuwa.

Wannan tunani ne ya biyo mu har aljihu. Da kamfanin Bell zai fito da tarho mai madannai a 1963, sai da aka gwada tsari iri-iri a hannun mutane, har da na da'ira da na layi biyu, kafin a tsaya a kan 1, 2, 3 a sama. Ɗauko kalkuleta ka gani, ita 7, 8, 9 ne a samanta.

Mahaifina, bayan idonsa ya yi rauni, ya ƙi rabuwa da ƙaramar wayarsa mai tocila. Wata rana da almuru na zauna kusa da shi a kan tabarma, na ga babban yatsansa yana lalube har ya tsaya a kan 5, inda wani ɗan ƙullutu yake. Daga nan ya hau sama, ya gangaro, ya kira ƙanwarsa ba tare da ya dubi wayar ba. Na ce, "Baba, wa ya nuna maka wannan?" Ya ce babu kowa, yatsa ne ya gano. Da na koma gida na shafa madannan kwamfutata, na ji irinsa a kan F da J, alhali shekara da shekaru yatsuna suna sauka a kansu.