Jita-jitar hana haihuwa a rigakafi: abin da hujja ta tabbatar da abin da ta rushe

Saƙon murya da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwanni, wanda ke gargaɗin iyaye kada su bari a yi wa 'ya'yansu rigakafi, ya haɗa zarge-zarge huɗu da ba nauyinsu ɗaya ba. Batun cewa akwai na'urar leƙen asiri a cikin allurar tatsuniya ce da ba ta cancanci dogon bayani ba, haka ma batun ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda babu wani gwaji da ya taɓa gano ta a ciki.

Zargi na uku, na gwajin magani a kan yara, yana da tushe. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya shafi yara 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a nemi yardarsu ba, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Sai dai Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake bai wa wanda ya riga ya kamu, ba rigakafi ba, kuma wanda ya shirya saƙon ya ɓoye wannan bambanci, ko da gangan ko don bai damu ya bincika ba.

Zargin da ke ɓarna a zahiri shi ne cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa. Shi ne ya sa Kano ta dakatar da rigakafin daga 2003 zuwa watan Yulin 2004, lokacin da aka dawo da shi da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma kafin a shawo kan lamarin cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan zargi tana cikin gidajen mutane, domin 'yan matan da aka ɗiga wa maganin sau da dama a wancan zamani su ne iyaye mata a yau, kuma binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a arewa maso yamma ya kai 6.6, wanda ya fi na kowane yanki a Najeriya. Abin da likitoci ba su musanta ba shi ne, a inda yara kaɗan ne aka yi wa rigakafi, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon takan rikiɗe jefi-jefi ta haddasa shan inna, wato ƙin karɓar ne kansa ke buɗe wannan ƙofa.

Iyayen da suka gaskata saƙon ba wawaye ba ne. Masana halayyar ɗan Adam sun nuna tun 1977 cewa maganar da aka maimaita takan yi kama da gaskiya don kunne ya saba da ita, kuma wasu masana biyu, Ritov da Baron, sun gano a 1990 cewa mutum ya fi tsoron cutarwar da za ta zo ta hannunsa fiye da wadda za ta zo don ya kame hannunsa, ko da ta biyun ta fi yawa. A kan wannan sai a ƙara tambayar da hukumomi ba su amsa da kyau ba: me ya sa ake bin gida-gida da ɗigo kyauta alhali asibitin unguwa babu maganin zazzaɓi? Tambayar tana bisa hanya, amma mai tura saƙon yana amfani da ita ne ya dawo da zargin da ya bar yara da shanyayyun ƙafafu, a nahiyar da sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar ta rabu da asalin ƙwayar cutar.