Shirin Musamman: Warin Ganye Mai Tona Asirin Cuta

Shirinmu na yau zai leƙa gonar tumatir da ta dankalin turawa, mu ji yadda masana ke gano cutar shuka tun ido bai gan ta ba.

Duk wanda ya taɓa murza ganyen tumatir ya san warin nan da ke maƙalewa a yatsu. Sinadarai ne ganyen ke saki cikin iska. Da zarar tsutsa ta ciji ganye ko cuta ta shige shi, sai haɗin sinadaran ya sauya. Hancin mutum ba ya iya bambancewa, amma na'ura tana iyawa.

A shekarar 2019, masana a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, ciki har da Qingshan Wei da Jean Ristaino, suka ƙera wata 'yar na'ura da ake maƙala wa wayar hannu. Za a tsinko ganye, a jefa cikin kwalba, a toshe na minti 15. Sai a zuƙo iskar ta ratsa wata 'yar takarda mai ɗigon sinadarai 10, wasu na rini, wasu na ƙurar zinariya. Kowane ɗigo ya sauya launi gwargwadon abin da ya shaƙa, kyamarar waya ta karanta. Da haka suka gano cutar ƙunar ganye a jikin tumatir kwana 2 kacal bayan kamuwa, kuma aƙalla kashi 95 cikin 100 na gwajin ya dace.

Cutar nan ba abin wasa ba ce. Ita ta cinye dankalin ƙasar Ayaland daga 1845, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan guda. Manoman Bokkos da Mangu a Filato ma sun san ta: damina ta yi sanyi da laima, ganye ya yi baƙi kamar an babbaka shi, cikin 'yan kwanaki gona ta kwanta.

Manomin da ya sani da wuri zai yi feshi a kan kari, ya tsira da amfaninsa da kuɗinsa. Saura masananmu su gwada irin wannan na'ura a gonakinmu, ta zo da farashin da ƙaramin manomi zai iya.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana lafiya.